Taron ƙaddamarwa ko bin attajirai gida-gida? Muhawarar ƙungiyar tallafa wa marayu a Ƙofar Marusa, Katsina

Ma'aji: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina mu fasa taron ƙaddamar da gidauniyar ginin ajujuwan nan huɗu. Alkawarin da ake yi a lasifika ba kuɗi ba ne. Lokacin da muka yi irin wannan taro don ginin katanga, wata bakwai na yi ina bin masu alkawari, wasu har yau ba sa ɗaga wayata, ga kuɗin rumfa da kujeru da muka biya.

Hajiya: Haba Ma'aji. Ba taron nan ne ya sa matan unguwa suka san da mu ba? Mai ƙosai ta kawo nata, mai kitso ta kawo nata, kuma su a hannu suka bayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magini: Hajiya, abin da ke damuna jinkiri ne. Buhun siminti da muke saye wajen naira 5,000 a 2023, a farkon 2024 ya haura 10,000. Wanda ya yi alkawarin buhu ɗari a kuɗi, ya biya bayan shekara, hamsin ya ba mu. A karɓi kayan kansu: siminti, rodi, bulo, tifar yashi.

Sakatare: To a haɗa biyun mana. Mu fara zuwa wajen Alhazawanmu na Babbar Kasuwa a asirce, da takardar rajistar ƙungiyarmu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da lissafin magini. Sai fiye da rabi ya shiga asusun ƙungiya sannan mu kira taro, jama'a su cike.

Malam: Allah ya saka. Amma ku kiyaye, kada a karɓi zakka a zuba a gini. Mutum takwas Allah ya ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma a Malikiyya ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Sadaka da wakafi za mu nema. Sannan wa zai biya malamai idan an gama? Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, abin da zai ci gaba da amfani ya bari. Ku sa shaguna biyu a jikin katanga, hayarsu ta riƙe albashi.

Ma'aji: Allah gafarta Malam, shaguna za su ƙara kuɗin ginin.

Hajiya: Su ƙara. Sharaɗina ɗaya, Sakatare: ranar taron kada a karanta sunan attajiri a tsallake na mai ƙosai. Ko a karanta duka, ko a bar duka.

Ma'aji: Ni har yanzu ban gamsu da taron ba. Magini, kawo lissafin da shagunan a ciki ranar Asabar bayan la'asar, mu gani tukuna.