Wane injin goge fenti ya dace da mai mota ɗaya a gida?

Issaka, Yamai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla baƙa ƙirar 2010, wadda aka shigo da ita daga Turai, kuma fentinta ya dushe ƙwarai, musamman a murfin inji da ƙofofi. Idan rana ta haska ta, ana ganin ƙananan zane-zane masu zagaye sun cika jikinta, waɗanda nake kyautata zaton share ƙura da busasshen tsumma ne ya jawo su. Ina so in sayi injin goge fenti domin in riƙa kula da ita da kaina a ranakun hutu. A kasuwar Katako na ga iri biyu: akwai wanda faifansa ke juyawa kai tsaye, akwai kuma wanda ke juyawa yana kewayawa a lokaci guda, wanda ake rubuta wa DA a jikin kwali. An ce mini na biyun ya fi dacewa da wanda bai ƙware ba, amma su ma na ga an rubuta wa wani milimita 8, wani 15, wani 21, kuma ban gane bambancin ba. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai iya aiko mini da Porter-Cable 7424XP. Abin da na ware bai wuce jaka 80 ba. Masu sani, me kuke ba ni shawara?

Malam Sani mai fenti, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam Issaka. Kafin a yi maganar inji, ya kamata ka san abin da za ka goge. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na share fage, sai launi, sai verni mai haske a sama, kuma dukansu a haɗe yawanci ba su wuce mikron 100 zuwa 150 ba idan fentin kamfani ne (mikron dubu ne milimita ɗaya). Verni shi kaɗai kusan mikron 40 zuwa 50 ne, wato kimanin rabin kaurin takardar rubutu. Zane-zanen da kake gani a cikin wannan verni suke, kuma inji ba ya cike su, kankare gefensu yake yi har wurin ya daidaita. Saboda haka duk gogewa ragewa ce, kuma abin da aka rage ba ya dawowa sai da sabon feshi.

Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda ka sayi mai juyi kai tsaye ba. Shi ne muke aiki da shi a garaji domin yana da sauri, yana juyi daga kimanin 600 zuwa 3,000 a minti ɗaya a kan cibiya guda, amma zafin da yake tarawa a wuri ɗaya yana iya cinye verni a bakin ƙofa ko a kan tudun layin jikin mota cikin 'yan daƙiƙu, kuma hannun da bai saba ba yana barin wasu inuwoyi masu walƙiya waɗanda a baƙar mota sun fi zanen farko muni. Mai juyi biyu kuwa, wato DA, kewayawa kawai yake tilasta wa faifan, shi kuma juyin faifan a sake yake. Idan ka danna da ƙarfi ko ka karkata hannu, faifan yana daina juyawa, aikin ya ragu, maimakon ya ƙone fenti. Ba na cewa ba zai iya yin ɓarna ba sam, amma sai mutum ya dage.

Lambobin da ka gani faɗin kewayen ne. Mai milimita 8 ko 9 ƙaramin kewaye yake yi, ba shi da saurin cire zane, amma yana bin lanƙwasar mota ba tare da tsayawa ba, kuma ana iya cire masa faifan milimita 125 a sa na 75 domin ginshiƙan gilashi da bamfa. Masu 15 da 21 kamfanin Rupes na ƙasar Italiya ne ya yi suna da su, daga baya wasu suka kwaikwaya. Na 21 da faifansa na milimita 150 an yi shi ne domin faffaɗan jiki irin na manyan motoci da bas, kuma a jikin Corolla zai riƙa tsayawa a duk inda ƙarfe ya lanƙwasa. Akwai kuma nau'i na uku mai haƙoran giya da ke tilasta juyin, kamar Flex 3401 na Jamus, ko Makita PO5000C wanda ke da maɓallin sauyawa tsakanin juyin tilas da na sake. Suna da kyau, amma suna jan hannu, kuma sabo a cikinsu ya fi ƙarfin kuɗin da ka ambata. Shawarata ita ce mai milimita 8 ko 9, faifai 125, mai maɓallin rage gudu da ƙarawa.

Kada ka kashe jaka 80 ɗin duka a kan injin. Soson da ake manna wa faifan, guda ɗaya ba ya gama mota, domin yana cika da mai da garin verni, ya yi zafi, ya yi laushi, ya daina aiki. Ka tanadi aƙalla huɗu masu matsakaicin tauri da biyu masu laushi, da man goge iri biyu, mai ɗan kaushi da mai laushi, da tsummokin mikrofiba masu yawa, da sikoc na takarda domin rufe robobi da bakin ƙofofi. Inji mai tsada da soso ɗaya ba zai kai matsakaicin inji mai isassun soso ba.

Alhaji Mamman, Tawa

Malam Sani ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ɗan saɓani da shi a kan mai milimita 15. Shi nake amfani da shi a kan Hilux ɗina da kuma motar iyali, kuma a ganina ya fi ƙaramin daɗin riƙewa, domin girgizarsa ba ta gajiyar da hannu sosai, kuma yana gama murfin inji da wuri. Gaskiya ne yana tsayawa a lanƙwasa, amma idan mutum ya ja layi da alƙalamin maka a gefen faifan, zai riƙa ganin ko yana juyawa, sai ya sassauta hannu ko ya daidaita shi. Sai dai na yarda cewa masu 15 na arha ba su cika samun daidaiton nauyi ba, kuma ba a sa musu ƙaramin faifai. Wanda kuɗinsa ya taƙaita, kuma inji ɗaya zai saya, ƙaramin ya fi masa.

Abin da ya fi damuna shi ne tayin ƙanenka, Malam Issaka. Wannan injin sananne ne, kewayensa milimita 8, amma an yi shi ne domin wutar Amurka ta volt 120, mu kuwa tamu 220 ce. Idan ka jona shi kai tsaye zai ƙone nan take, idan kuma za ka yi amfani da shi sai ka nemi taransufo mai ƙarfin da ya wuce na injin da kyau, ka riƙa jan sa duk inda ka zagaya. Kuɗin taransufon da na aikowa sun isa su saya maka wani. Idan daga waje za a kawo, a nemo na Faransa ko wata ƙasar Turai mai volt 230, wanda kansa ma zai shiga soket ɗinmu. Mai batir yana da amfani saboda ɗaukewar wuta, amma batir ɗaya ba ya kai mutum ƙarshen mota, zafinmu kuma yana rage masa kwana, don haka ni na fi son mai waya. Injin da ke cin watt 500 zuwa 900 ƙaramin gurup ma yana ɗaukarsa, in dai wayar ƙarin mai kauri ce kuma an warware ta duka daga kan abin naɗinta.

Sai maganar da littattafan injin ba su yi ba, domin ba a ƙasarmu aka rubuta su ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, a Tawa da Yamai duka, kuma baƙin ƙarfen da ya sha rana ba ya taɓuwa da hannu. Man goge yana bushewa a kansa kafin ya yi aiki, ya zama gari, ya manne. A yi aikin bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfa, kuma a ɗora bayan hannu a kan fentin tukuna. Idan da ɗumi sosai a jira. Lokacin hunturu kuwa zafi ba shi ne matsala ba, ƙura ce. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga tsakanin soso da fenti, injin zai zagaya da ita dubban sau a minti, ya bar zane irin na murɗaɗɗiyar waya a duk inda ya bi. Ranar da hazo ya rufe gari ba ranar goge mota ba ce. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin, a ajiye soso a cikin leda a rufe, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ya fita daga aiki sai an wanke shi ya bushe. Ni na fi son bayan an yi ruwan sama da kwana ɗaya, lokacin da iska take a wanke.

Harouna, mai gyaran injina, Yamai

Zan ƙara abin da ya shafi sayen kawai. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, domin ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan kayan da ba nasu ba, kuma farashin da ya yi ƙasa fiye da kima shi ne alamar farko. Ka ce mai shago ya jona maka shi a gabanka. Ka juya faifan da yatsa kafin a kunna, ya kamata ya juya a sake ba tare da ƙara ba, kuma ka ga cibiyarsa a goce take, ba a tsakiya ba. Ka bi lambobin gudun daga 1 zuwa 6 ka ji ko kowace tana canza sauti, ka danna shi a kan katako mai laushi ka ga ko gudun yana faɗuwa sosai. Ka tambaya ko akwai gawayin canji a cikin kwalin, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin, domin shi ne ke fara cinyewa, sannan ko ana samun faifansa a gari. Bayan kowane aiki a hure ƙofofin iskarsa, saboda ƙura ce ke kashe yawancin waɗanda ake kawo mini. Akwai masu ɗaura soso a kan injin yankan ƙarfe su ce duk ɗaya ne. Wannan yana juyi kusan 11,000 a minti, kuma bai kamata ya kusanci fenti ba.

Issaka, Yamai

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sanar da ƙanena ya bar maganar aikowa, zan nemi mai milimita 8 ko 9 na volt 220. Malam Sani, saura tambaya ɗaya: a rufin motar akwai wasu fararen tabo guda biyu masu kaushi, gefensu kamar yana ɓarewa. Shin man goge mai kaushi zai cire su? Kuma daga ina ya kamata in fara?

Malam Sani mai fenti, Yamai

Waɗannan tabo ba na inji ba ne, Malam Issaka. Verni ne rana ta kashe ya rabu da launin da ke ƙasansa, kuma idan soso ya bi ta kansa zai ƙara ɗaga gefen ne, tabon ya faɗaɗa. Ka kewaye su da sikoc ka bar su, rufin kuma sai an kankare an yi masa sabon feshi. Tun da rufin ya fara haka, ka ɗauka cewa vernin murfin inji da na but ma ya yi rauni, ka yi musu da man goge mai laushi kaɗai, kada ka nace sai kowane zane ya fita. Zanen da farcenka ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da ba a bin sa.

Ka wanke motar da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, sannan ka sa hannu a cikin siririyar leda ka shafa fentin. Idan ka ji tsakuwa-tsakuwa, sai an bi shi da danƙon cire datti na fenti tare da ruwan sabulu kafin inji ya hau. Ka fara gwaji a ƙasan ƙofar baya, a fili kamar santimita 50 a kan 50, da man goge mai laushi da soso matsakaici. Ɗigo uku ko huɗu sun isa. Ka ɗora soson a kan fenti kafin ka kunna, ka shimfiɗa man a lamba 1 ko 2, ka ɗaga zuwa 4 ko 5, ka tafi a hankali tsaye da kwance sau uku ko huɗu, kowane layi yana hawa rabin na baya, kuma kada ka ɗaga injin sai ya tsaya. Ka share, ka haska da tocila daga gefe. Idan ya yi, haka za ka bi sauran motar. Idan bai yi ba ne kawai za ka koma mai kaushi. Bamfa roba ce, ba ta watsar da zafi kamar ƙarfe, don haka a rage mata gudu. Idan ka ga soson ya ɗauki baƙin launi, ka tsaya nan take, domin ko dai an taɓa fesa wurin da fenti marar verni, ko kuma ka kai ga launi.

Bayan ka gama ka shafa kakin kariya da soso mai laushi a ƙaramin gudu, ka riƙa sabunta shi bayan 'yan watanni. Gogewa da mai kaushi kuwa ba ta kowane wata ba ce, sau ɗaya ko biyu ce a tsawon zaman motar a hannunka. Ka kuma gaya wa yaron da ke share maka ita da safe ya riƙa zuba ruwa kafin tsumma ya taɓa ta, in ba haka ba zanen zai dawo kafin hunturu ya wuce.