Shawarwarin magina kan rage tsadar gini

A wata tattaunawa ta magina da injiniyoyi kan tsadar gini, abin da aka fi nanatawa shi ne a kammala zane a kwamfuta kafin a tona fandisho. Manhaja irin Revit tana fitar da lissafin kayan aiki, tana kuma nuna inda bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙi, ba sai an zo ana fasa bango ba. Wannan shawarar ce na fi gamsuwa da ita, domin rushe-rushe ke cinye kuɗin mai gini.

Wasu sun yaba bulon ƙasa na injin Hydraform, mai shiga juna, wanda ba ya cin siminti sosai, amma a gwada ƙasar tukuna. An kuma ce duk buhun simintin da aka sauke a ɗauki hotonsa a waya, a tura wa mai gini a ranar.