Gwajin huhu a ruwa: ta yaya ake gane jariri ya zo da rai?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum. Ina karanta tsofaffin shari'o'in Turai na 'yan matan da suka ɓoye ciki, aka tuhume su da kashe jariran. Ko'ina sai in ga an saka huhun jaririn a ruwa. Yaya ake yi, kuma abin dogaro ne?

Mai Binciken Gawa: Wa alaikumus salam, malama. Huhun da bai taɓa shaƙar iska ba a cure yake, launinsa kamar hanta, kuma ya fi ruwa nauyi. Wanda ya shaƙa kuwa ya buɗe, ya yi haske, in ka matsa sai ka ji ƙaras-ƙaras. Ana ɗaure maƙogwaro, a ciro huhu biyun haɗe da zuciya a saka a ruwan sanyi. Sannan a gwada kowanne shi kaɗai, a yayyanka, a matse kowane yanki a sake jefawa. In ya taso, sai a ce ya yi numfashi. Wani likita mai suna Johann Schreyer ne ya fara kai gwajin gaban shari'a, a Zeitz ta Jamus, 1681. Huhun ya nutse, ya ce a mace aka haifi jaririn.

Likita Mai Ritaya: Amma fa yana yaudara. Gawar da ta fara ruɓewa tana tara iska, sai huhun jaririn da ya mutu tun a ciki ya taso. Haka in an hura masa iska a baki don a ceto shi. Bakwaini kuma yakan yi numfashi na ɗan lokaci, huhunsa ya nutse. Wani likita mai suna William Hunter ya yi wannan gargaɗi a Landan tun 1783. Ko da jariri ya numfasa, wannan ba ya nuna kashe shi aka yi. Yarinyar da ta haihu ita kaɗai, jini na zuba, tana iya suma, ta farfaɗo ta tarar ya mutu.

Malamin Tarihi: Ku duba dokar ma. A Ingila, dokar 1624 ta ce wadda ta haihu ba aure, ta ɓoye mutuwar jaririn, hukuncinta kisa ne, sai in ta kawo shaida ko ɗaya cewa ba rai aka haife shi. To wadda ta ɓuya saboda kunya ina za ta sami shaida? Sai 1803 aka soke dokar, ɓoye haihuwa ya koma ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba.