Me ya sa biranenmu ke ta faɗi, amma aikin yi bai ƙaru ba?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2050 kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya za su kasance a birane, kuma Indiya da Sin da Nijeriya ne za su fi samun ƙarin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Turai bunƙasar birni ta zo tare da arziki, to me ya sa Kano da Legas da Yamai suke cika, alhali mafi yawan masu shigowa ba sa samun komai sai talla da dako?

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam, ɗana. A Ingila masaƙun auduga ne suka ja mutane zuwa garuruwa irin su Mancesta, har ƙidayar 1851 ta nuna mazauna birane sun fi na karkara yawa. Kada ka ɗauka sun ji daɗi: kwalara ta yi ɓarna a Landan a 1854, kuma sai da warin kogin garin ya addabi majalisar dokokin ƙasar a 1858 kafin aka amince da gina manyan hanyoyin ƙazantar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Bambancin shi ne, akwai albashi kuma akwai haraji, saboda haka hukuma ta samu kuɗin gyara.

Mu ma mun ɗauko wannan hanya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da Kakuri a Kaduna, sun ɗauki dubban ma'aikata, kafin faɗuwar darajar naira bayan 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararar atamfar waje mai araha su durƙusar da yawancin masana'antun. Amma shigowar jama'a ba ta tsaya ba, domin ba masaƙa ce ke kiransu ba, wahala ce ke koro su: farin 1973 da na 1984, rikicin Boko Haram da ya cika Maiduguri, da 'yan bindigar Zamfara. Wanda ya gudo daga gona ba ya jiran a buɗe kamfani.

Hajiya Mai Nazari:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma a ganina ka ɗora wa baƙi nauyin da ya fi nasu. Babban kaso na ƙaruwar daga haihuwar cikin birnin ne, da kuma ƙauyukan da gari ya haɗiye. Kuma birni bai yaudari kowa ba, domin mai dako a Dawanau ko Kantin Kwari yana aika kuɗi gida, 'yarsa tana kusa da makaranta, matarsa tana kusa da asibiti. Inda muke kuskure shi ne wajen fili. Ana yanka gona a sayar da ita awon igiya, ba a bar wurin makaranta ko kwata ba, lungu kuwa motar kashe gobara ba ta shiga, sai damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Mazauna irin waɗannan unguwanni su ne ke sayen jarka daga mai kura da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Shata titi kafin a yi gini ba ya cin kuɗi kamar rusau bayan an zauna.

Baƙon Landan:
Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. Ditroyit ta Amurka tana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950, amma da kamfanonin mota suka janye sai ta koma ƙasa da 700,000, har ta ayyana fatara a 2013. A nan Landan kuɗin haya ne ke tura ma'aikata bayan gari, a Japan kuwa miliyoyin gidaje ne babu kowa a ciki saboda tsufan jama'a da ƙaura zuwa Tokiyo.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai. Hajiya, Abuja ai an tsara ta kafin a tare a 1991, me ya hana ta tsira?

Hajiya Mai Nazari:
An tsara wa ofisoshi da manyan ma'aikata, ba a tanadi isassun gidajen da direba da masinja za su iya biya ba. Shi ya sa suke kwana a Nyanya da Mararaba, suna fitowa tun asuba saboda cunkoson hanyar.