Na tara batiran shishar aljihu a Manchester, ina son in kai wa ƙanena Kano, ku ba ni shawara

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure.

Ina Manchester, karatu ya kawo ni, da dare kuma ina aikin shara a wani ginin ofisoshi. Duk wanda ke ƙasar nan ya san sigarin lantarkin nan da ake sha a yar, wanda a gida ake ce wa shishar aljihu, irin su Elf Bar da Lost Mary. Tun 1 ga Yunin 2025 aka hana sayar da na sha-ka-yar ɗin, amma mu da muke juye kwandon shara har yau muna tsintar su. Sababbin da suka fito an sa musu wurin caji, duk da haka mutane ba su fasa jefarwa ba. Wani abokin aikina ɗan Ghana ne ya fasa ɗaya a gabana. Ciki akwai audugar da ta sha ruwan nan mai ƙamshin kankana, da siririyar waya, sai batir wanda bai kai ƙaramin yatsa tsawo ba, an rubuta 3.7V 550mAh a jikinsa. Ya ce mini irin mai caji ne, lafiyarsa ƙalau. Tun ranar nake tarawa, yanzu na cika kwalin takalmi biyu.

Abin da ya sa abin ya shiga raina shi ne ƙanena. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidan. Yaron nan ya gama difloma, ya yi ta yawo da takardu ba aiki, ya gwada sayar da kati ya kasa, na haɗa masa kuɗin babur aka sace a ƙofar masallaci ko wata uku bai yi ba, abin ya taɓa shi har ya daina fita. Da ƙyar wani kawunmu ya kai shi wajen mai gyaran waya ya koya, kuma Allah ya ba shi hannu. Yanzu tebur gare shi a bakin titi, ba jari. Hajiyarmu kuma tana unguwar da ake kwana uku ba a ga wuta ba, fitilun cajin da nake sa a saya mata wata biyu sun mutu. Tunanina in kai masa batiran ya riƙa haɗa fitila da fawabank yana sayarwa, ya yi wa Hajiya tata.

Tambayata: ya zan kai su gida? Kuma ɗaya daga ciki ya kumbura, ya zan yi da shi?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar gida. Amma Baban Ilham ba ka faɗa mana inda kake ajiye su ba. A ɗakin da kuke kwana? Ilham shekararta nawa?

Injiniya:
Ɗan'uwa ka yi tunani mai kyau, kada kowa ya karya maka gwiwa. Ni fannina ne. A 2023 ƙungiyar Material Focus ta ce ana zubar da kusan miliyan 5 na wannan abu duk mako a Birtaniya, kowanne da batirin litiyom a cikinsa. A shekarar kuma masana daga jami'ar UCL da ta Oxford suka gwada batiran, suka ga suna ɗaukar caji sama da sau 700 kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu na nan. Wani injiniya Chris Doel ya haɗa guda 130 ya yi batirin keke mai lantarki, yana YouTube kowa ya gani. A Yukren ma 'yan sa-kai sun riƙa tattara su suna yi wa sojoji fawabank. To me zai hana ƙanenka?

Ga yadda za ka yi. Ka sayi mitar auna ƙarfin batir. Ka auna kowanne, duk wanda ya gaza 2.5V ka ware shi, ya gama aiki. Masu kyau ka cajā su har su daidaita kafin ka haɗa su wuri ɗaya, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa. In ka haɗa cikakke da wanda ya sauka, wuta za ta kwarara daga wannan zuwa wancan, nan ake samun zafi. Allon cajin da ake amfani da shi sunansa TP4056, ka tabbata ka sayi mai kariya, wanda ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa ko wayoyi sun haɗu. Yana tsayar da caji a 4.2V. Sai dai yana zuwa ne da amfiya 1, wanda ya yi wa batir ɗaya ƙarami yawa, sai a canja masa rasisto, ɗan abin da ke ƙayyade wutar cajin, zuwa 5k ya koma 250mA, wato rubu'in amfiya. In ka haɗa guda huɗu ko fiye ba sai ka canja ba. Don cajin waya sai ka ƙara allon da ke ɗaga wuta zuwa 5V. Shi ke nan, ba wani abin tsoro.

Ɗan Kwari:
Ni maganar kai kaya gida ce ta tsaya mini. Kada ka yarda da masu kago, masu aika kaya gida, wallahi. Bara na ba wani akwati biyu, har da atamfofin lefen ƙanwar matata da takalman yara, ya ce sati uku. Aka ɗaura aure aka kai amarya kaya ba su iso ba. Da suka iso an farke akwati ɗaya, turare babu, agogon da na saya wa surukina babu. Na kira shi ya ce in yi haƙuri haka hanya take. Har yau matata tana ganin ni na yi sakaci, kuma mutumin muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana miƙo mini hannu. Mutanenmu a ƙasar nan ba sa tsoron Allah a kan amana.

Hajiya Nas:
Baban Ilham ka saurare ni, ni a asibiti nake aiki. Ruwan da ke cikin audugar nan nikotin ne mai ƙarfi, mafi yawansu miligiram 20 a kowace mililita, kuma yana shiga jiki ta fata. Yaro ƙarami in ya tsotsa sai amai da jiri, wani sai an kwantar da shi. Ga launi mai jan ido ga ƙamshin alawa, wane yaro ne ba zai kai baki ba? Duk shagon da ke sayar da su doka ta wajabta masa karɓar tsofaffin. Ka kwashe ka kai musu gobe, ka tura wa ƙanenka kuɗin awa biyar na aikinka ya sayi kayan aiki a can. Ka amsa tambayar Maman Sadiq.

Baban Ilham:
Na gode Hajiya. Ilham shekararta biyu da rabi, amma ba ta kaiwa wurin, suna saman kabad ɗin da tukunyar ɗumama gida take, can ne kawai wurin da ba ta buɗewa. Kuma ina sa safar hannu in zan fasa. Maganar tura kuɗi, ai ina turawa, kuɗin ne ba ya tsayawa. Abin da nake so yaron ya samu sana'ar da ba kowa ke yi ba. In na kai wa shago ma wa ya san inda za su kai su?

Hajiya Nas:
Innalillahi. Kusa da tukunyar zafi? Har da kumburarren?

Injiniya:
To nan kam ka ɗauke su daga wurin, litiyom ba ya son zafi. Ka samu gwangwanin biskit na ƙarfe, ka naɗe kan wayoyin kowanne da salatif don kada su taɓa juna. Kumburarren ka sa shi cikin yashi a gwangwani daban, ka fitar da shi waje, kada ka huda shi, kada ka jefa a kwandon shara, ka kai wurin karɓar shara na ƙaramar hukuma ka gaya musu ya kumbura. Amma Hajiya kada a tsorata shi. Wayar da ke hannunki ma litiyom ce kuma da ita kike kwana. Ilimi ake buƙata. Mu matsalarmu ke nan, da an ga abu sabo sai a ce a bari, shi ya sa komai sai mun saya daga Chaina. Su waɗannan ɗin ma a Shenzhen ake ƙera yawancinsu.

Mai Gyaran Waya:
Injiniya da girmanka, ni a Kano nake kuma wannan ne abincina. Batirin waya kamfani ya sa masa kariya, ya gwada shi, ya rufe. Wannan tsirara yake, kuma ba wanda ya san ko mota ta taka shi ko ruwa ya dake shi kafin a tsinta. Mita ba ta nuna lahanin ciki. Sannan ku yi lissafi: 550mAh a 3.7V wajen 2Wh ne, wato yawan wutar da batir ɗaya ke riƙewa. Waya mai 5000mAh tana cin wajen 19Wh. Wato guda goma kafin ka cika waya ɗaya, da asarar da ake yi wajen ɗaga wuta sai ka ce sha biyu ko sha uku. Kowanne da liƙin dalmarsa biyu, kuma kan liƙi in ya daɗe a jikin batir shi ma yana lalata shi. Wa zai sayi fawabank ɗin da aka naɗe da salatif alhali ga na kamfani a kasuwa? A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, a ɗakin kwano ya fi haka, kuma ba a son cajin litiyom in ya haura 45. Mun ga gobarar kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025, akwai waɗanda har yau ba su miƙe ba. In fitilar da ƙanenka ya sayar ta kama a ɗakin mutane da dare, sunansa za a kira, kai kana Ingila.

Fitila ɗaya ta Hajiya, batir biyu da ƙwan LED mai wat ɗaya, za ta yi wajen awa huɗu, wannan zan iya yarda in an sa kariya an zuba a gida mai kyau. Amma sana'a a'a.

Malam Na Bradford:
Ba wanda ya taɓo ɓangaren addini. Abin nan kayan shaye-shaye ne da ke lalata 'ya'yan mutane, ni zuciyata ba ta kwanta da a ci abinci da shi ba. Ɗana na sakandare na kama da ɗaya a jakarsa, sai da muka yi wata ba ma magana, uwarsa na kuka, makaranta kuma suka ce ba abin da za su iya. Ka tambayi malami tukuna.

Maman Sadiq:
Malam Allah ya shirya mana zuri'a. Amma ai ba saya yake ba, ba kuma sha yake ba, batir ya cire daga shara. Ni damuwata Maman Ilham. Ta sani kuwa? Nawa maigidan haka ya cika mana ɗaki da tsofaffin kwamfutoci wai zai kai gida, shekara nawa ga su nan, ko wurin shimfiɗa darduma babu, in na yi magana a ce ba na son ci gabansa.

Baban Ilham:
Ta san ina tara wani abu, ban yi mata dogon bayani ba don tana da saurin tsorata, kuma tana da juna biyu. Mai Gyaran Waya na gode, amma ba ka san ƙanena ba, yana da natsuwa, ba zai yi aikin ganganci ba. Kuma ba ni na ƙirƙiro ba, ga Injiniya ya kawo binciken jami'a. Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini yadda zan kai su.

Hajiya Nas:
Ba a amsa ba don babu hanyar kirki. Gidan waya na Royal Mail ba ya ɗaukar batirin litiyom zalla zuwa ƙasar waje. A jirgi haramun ne ka sa su a akwatin da za a auna, sai jakar hannu, kowanne a rufe, kuma ƙa'idar jiragen sama guda 20 ce ga mutum ɗaya sai in kamfani ya yarda da ƙari. Kwali biyu fa ka ce. In ka ɓoye a kago ba ka faɗa ba, rayukan mutane ka saka a haɗari, kai kuma bizar karatu gare ka. Mai gidan da kuke haya ma in ya gani zai iya ba ku notis.

Injiniya:
Ba sai ya kai su zalla ba. Ya haɗa guda 20 wuri ɗaya, 11,000mAh ke nan, wajen 40Wh, bai kai rabin 100Wh da aka yarda a shiga jirgi da shi ba. Ya zuba a gidan fawabank ya riƙe a hannu.

Mai Gyaran Waya:
Fawabank ɗin da ba tambarin kamfani, ba rubutun ƙarfinsa a jiki? A filin jirgi za su iya karɓewa. Kuma in guda ɗaya cikin ashirin ɗin ya haɗu ta ciki, sauran sha tara a kansa za su juye wutarsu. Injiniya ka taɓa sa wa kowanne fis ɗinsa, ko a takarda kake lissafi?

Injiniya:
Shekarata nawa ina wannan aiki ba zan tsaya musu ba. Baban Ilham ka biyo ni ta akwatin sirri in turo maka zanen.

Ɗan Kwari:
Ko ma mene ne, kada ka ba mai kago.

Baban Ilham:
Na sauke su daga kabad ɗin, suna cikin jakata yanzu, zan nemi gwangwani in na tashi aiki. Kumburarren na sa shi a baranda. Injiniya na turo maka saƙo. Akwai wani abokina da zai je Kano hutun Disamba, in mun raba ashirin-ashirin da shi da matarsa, hakan zai yiwu?

Hajiya Nas:
Za ka gaya musu abin da suke ɗauke da shi?

Maman Sadiq:
Barandar da Ilham take wasa?