Taƙaitawa Kan Matsalar Zane Mai Fuska Uku (3D) a Kwamfutoci Daban-daban

Ga abin da masu rubuta manhaja na nan Katsina suka faɗa game da zanen da yake fitowa a wata kwamfuta, ya ƙi fitowa a wata.

1. Kowa ya amince a fara da sabunta direban katin zane, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allon kwamfuta.

2. An tunatar cewa OpenGL, tsarin da manhaja ke bi wajen ba katin zane umarni, ya tsaya a siga ta 4.1 a kwamfutocin Mac, kuma tun 2018 Apple ya karkata ga nasa tsarin mai suna Metal, saboda haka manhajar da ta nemi 4.6 ba za ta buɗe a can ba.

3. Da yawa sun jaddada cewa direban kamfanin Nvidia yakan kau da kai daga kurakuran GLSL, yaren rubuta umarnin zane na OpenGL, waɗanda direbobin kamfanonin AMD da Intel suke ƙi, don haka wajibi ne a karanta saƙon kuskure, a kuma gwada a kati fiye da ɗaya. Wannan shi ne mafi muhimmanci a ganina.

4. Ma'aunin zurfi, wato nisan abu a cikin zane, a OpenGL daga -1 zuwa 1 yake, a Direct3D da Vulkan kuwa, waɗanda su ma tsare-tsare ne irin OpenGL, daga 0 zuwa 1.

5. An rabu a kan Vulkan. Wasu sun ce a koma masa, wasu suka ce ɗalibanmu masu tsofaffin kwamfutoci su tsaya a OpenGL 3.3.