Me jami'a za ta nema daga kamfanoni don horar da ɗaliban kwamfuta?

Aminatu, Marwa:
Assalamu alaikum. Ɗalibai na gama karatun kwamfuta a Marwa da Ngaundere na ƙasar Kamaru, amma masu ɗaukar aiki na cewa hannunsu bai faɗa ba. Me ya kamata jami'a ta nema daga shugabannin sashen fasaha na kamfanoni?

Malam Hamadu, Garwa:
Wa alaikumus salam, Malama. A fara da yarjejeniya a rubuce kafin ɗalibi ya je koyon aiki: wata nawa, wa zai kula da shi, wane aiki zai miƙa a ƙarshe. Wata ɗaya bai isa ba, a sa 3 zuwa 6. In ba a ambaci mai kula ba, ɗan aike ɗalibin zai koma.

Injiniya Sali, Ngaundere:
Gaskiyar Malam. A kuma nemi tsofaffin na'urorin rarraba intanet daga kamfanonin sadarwa irin su Camtel, MTN da Orange, a goge saitinsu da kalmomin sirri kafin su fito. Packet Tracer, manhajar kamfanin Cisco mai kwaikwayon na'urorin sadarwa, yana koyar da saiti, amma ba ya koyar da matse kan RJ45, wato kan kebul ɗin intanet da ake cusawa a kwamfuta. Sai ɗalibi ya jera wayoyi 8 da hannunsa bisa tsarin jerin launuka na T568B, ya san kebul nau'in Cat6 ba ya wuce mita 100. In ya raba tagwayen wayoyin da aka murɗe tare, ya kuma yi kuskuren iri ɗaya a bakin kebul biyu, ƙaramar na'urar gwaji za ta nuna lafiya lau, alhali bayanai na ɓacewa a layin. Wannan kuskuren na wahalar da ƙwararru ma.

Hajiya Fadi, Marwa:
Kar a manta da zafi. A Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a nan. A sa batirin ajiyar wuta, sanyaya ɗakin na'urori da kakkaɓe ƙura cikin yarjejeniyar, tare da sunan wanda zai biya.